Ƙwaryar da Ta Kawo Shanun Ardo Buba

Cikin ranakun aikina duka, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na yi wa shanun Ardo Buba huji a bayan garin Kurfi. Ku da kuke aikin yanzu kun sha jin ana tsokanata da Malam Mai-ƙwarya, wasunku har suna zaton sayar da ita na taɓa yi. To, yau ga asalin sunan.

Shekara biyu da samun mulkin kai aka turo ni Dutsin-Ma a matsayin ƙaramin malamin dabbobi. Mutanen ƙauye ba ruwansu da wannan dogon suna, malamin huji suke ce mana. Huji kuwa shi ne allurar rigakafin bushiya, cutar da in ta faɗa garke sai ka ga saniya tana hawaye da dalala da zawo, kwana kaɗan ta faɗi, 'yar'uwarta ta bi ta. Yadda ake yi shi ne a kafa shingen itace mai matsattsiyar hanya, a koro shanu su bi ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowace allura, a ɗan huda kunnenta don a san ta samu. Maganin daga Katsina yake zuwa cikin akwatin ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke ya tashi aiki. Saboda haka ranar da aka sa ba a ɗaga ta.

Babban malaminmu, Malam Lawal, mutum ne mai gaskiya amma ba ya dariya a ofis, karin wandonsa na kaki sai ka ce bakin wuƙa. Shi ya ba ni ɓangaren Kurfi. Abokan aikina da aka ba Dabawa da Makera da Shema duk suka gama nasu, ni kuwa sau biyu ina kafa shinge, sau biyu ina wuni da ƙudaje. Rugagen wajen kaf Ardo Buba suke kallo, in bai kawo nasa ba babu mai kawowa. Sau uku ina zuwa rugarsa. A shimfiɗa mini buzu, a kawo mini nono, a ce Ardo ya shiga daji.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a ofis ba: tun ina yaro nake son garaya. Mahaifina malami ne, ranar da ya kama ni da wadda na haɗa da ƙoƙo da fatar akuya sai ya sa ƙafa ya taka ta, ya ce gidanmu ba a haifi maroƙi ba. Daga ranar ban sake taɓawa ba, sai dai in na ji ana kaɗawa yatsuna su riƙa motsi cikin aljihu.

Wata ranar kasuwar Kurfi fedar kekena ta karye, na kai wa wani maƙeri, Tanko. Ya gyara, muka yi la'asar tare, ina shirin hawa sai na ga ya kashe wuta, ya wanke hannu, ya ciro garaya daga bayan zugazugi ya nufi gindin wata tsamiya da ke bayan maƙerar. Ƙafata ce ta bi shi, ba ni ba. Can sai ga wani tela da kukuma, sai ga wani mai sayar da hatsi ya zaro gurmi daga cikin buhu, wai don kada surukinsa ya gani. Babu maroƙi ko ɗaya cikinsu, ba a yi wa kowa kirari. Na ƙarshen zuwa wani dogon tsohon Bafillace ne da sarewa a aljihu. Da na ji tela ya gaishe shi da Ardo Buba sai na sake dubansa. Mutumin da na yi wata da watanni ina nema ga shi ya zauna kusa da gwiwata.

Tanko ya kifa ƙwarya a gabana ya ce, "Malam, doka biyu gare mu nan. Baƙo ƙwarya yake riƙewa, sai randa aka miƙa mashi wani abu. Sannan kowa a bakin inuwar ga yake aje sana'arshi. Ba Ardo, ba maƙeri, ba malamin huji. Ba a kawo buƙata nan, ba a kuma tare mutum hanya in an tashi."

Na ce na ji.

Ba zan iya kwatanta muku daɗin wannan zama ba. Ardo ya ɗauko wani sauti a hankali, garaya ta shigo ta ƙarƙashinsa, kukuma ta nannaɗe su, ba wanda ya ce wa wani ga inda za a bi. Tela yakan ɓace a tsakiya, a yi ta dariya, a jira shi ya dawo hanya. Tun da na zo ƙasar ba wanda ya taɓa kirana da sunana sai a nan, na tashi daga malamin huji na koma Isiyaku. Sai dai murna ta sa hannuna yana gudu. Ardo ya cire sarewa daga baki ya dube ni.

"Mai ƙwarya, kura ta biyo ka ne?"

Aka kwashe da dariya, har da ni.

Kasuwar da ta zagayo na yi wautar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. A hanya na yi ta raya wa kaina cewa dokar maƙeri ba ta kai ta hukuma ba. Ana sauke kiɗa na farko na gyara murya na ce, "Baffa Ardo, dama batun huji ne."

Ardo ya goge sarewarsa da gefen riga, ya mayar aljihu, ya ɗauki sandarsa ya yi gaba ko waiwaye babu. Mai hatsi ya cusa gurmi cikin buhu. Tanko ya ce, "Ka kashe muna yamma, Isiyaku. In kana so ka dawo, ka dawo. Amma ƙwarya, baki kuma a rufe."

Na dawo. Kasuwa biyu Ardo bai zo ba, ta uku ya zo bai ko dube ni ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko don aiki nake taka keke daga Dutsin-Ma. Daga baya sai na ga ko da babu saniya ɗaya a duniya zan zo, don sati ba ya yi mini daidai in ban zauna gindin tsamiyar nan ba. Da yake an rufe mini baki sai kunnena ya buɗe. Na gane inda tsohon yake jan numfashi, na koyi bar masa wurin. Na gane in tela zai ɓace, sai in ɗan ƙarfafa bugu ya kama. Haka na yi wata biyu.

Labari ya kai wa Malam Lawal, ya kira ni ofis.

"Isiyaku, an ce mani an gan ka bayan maƙera kana kiɗan ƙwarya kamar matan biki."

"Haka ne, ranka shi daɗe."

"Da kakin hukuma jikinka?"

"Ina tuɓe rigar, ranka shi daɗe."

Ko gezau. Ya miƙo mini takardar neman bahasi, wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce kafin a hukunta shi. Sannan ya faɗi abin da ya fi takardar nauyi: bushiya ta ɓulla arewa da mu, an kuma sa washegarin kasuwar Kurfi za a kawo magani, shi ne na ƙarshe da za mu samu a shekarar. Takardar ba ta dame ni sosai ba. Amma lokacin da muke koyon aiki an kai mu mun ga garken da bushiya ta shiga, na ga dattijo zaune cikin gawarwakin shanunsa ya kasa ko kuka. Shi nake gani da fuskar Ardo Buba. Na aika saƙo rugage ta hannun mai unguwa kamar yadda doka ta ce, amsar da ta dawo ita ce an ji.

Ranar kasuwa na zauna gindin tsamiya da magana cike da bakina. Ga Ardo, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Gobe ne, kuma kalma uku ta isa. Duk sanda aka sauke kiɗa sai in ji maganar ta taso har maƙogwaro, Tanko ya zuba mini ido, in haɗiye ta. Ardo kuwa kamar da gangan ya ɗauko wani dogon sauti mai sanyi, irin wanda in ka yi gaggawar bugu ɗaya ya lalace. Na bi shi a hankali, hannuna bai wuce shi ba ko sau ɗaya.

Rana ta yi ja, inuwa ta miƙe, na sallama cewa shanun nan sun tafi. Sai Ardo ya sauke sarewa ya ce, "Tanko, ba shi garayar."

Shekara goma sha biyar rabona da ita. Na fara kaɗawa, tsohon ya saurara kaɗan, sannan ya shigo da sarewa ya biyo ni, shi da kowa ke bi. Da muka sauke ya ɗauki sandarsa, sai da ya fita daga inuwar tsamiya sannan ya juyo.

"Gobe ne ko?"

"Gobe ne, Baffa."

"Kai za ka riƙe allurar, da hannunka?"

"Ni ne."

Ya ce, "Waɗanda suka zo shekarun baya sauri suke. Suka yi ta jibgar shanu da sanda, suka danna su cikin itace, saniyata mai ciki ta karye, da hannuna na yanka ta. Randa ka hwara zuwa nan, hannunka irin nasu ne. Yanzu ya koyi jira. Sai da sahe."

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ji kukan shanu daga gabas. Malam Lawal da kansa ya biyo motar magani, ina jin don ya ga faɗuwata da idonsa. Garken Ardo ne a gaba, na sauran rugage a baya, har inda ido ya tsaya. Amma da babban bijimin ya iso bakin shinge sai ya toge, na baya suka fara turereniya. Leburorinmu suka ɗaga sanduna. Na daka musu tsawa su ajiye, abin da ban taɓa yi a gaban babban malami ba. Malam Lawal ya duba agogo, ya duba ruwan da ya fara ɗiga daga akwatin ƙanƙara, ya dube ni.

Ardo ya matso gaba. Ya zaro sarewa, ya shiga hanyar shingen da ƙafarsa yana busa sautin jiya. Bijimin ya ɗaga kunne, ya yi taku ɗaya ya tsaya. Tanko, wanda ya rufe maƙera ya zo kallo da kayan kiɗansa a rataye, ya shigo da garaya. Ardo ya ɗaga hannu yana neman ƙwarya, ni kuwa allura ce a hannuna. Tanko ya waiga ya ga mutum ɗaya ne tsaye ba ya komai. Ya miƙa wa Malam Lawal ƙwaryar.

"Ranka shi daɗe, baƙo ƙwarya yake riƙewa."

Na ce a raina yau aikina ya ƙare. Malam Lawal ya sake duban akwatin nan mai ɗiga, sai ya tattare wandonsa mai kari, ya durƙusa a ƙasa ya fara bugu. Bijimi ya shiga, shanu suka biyo shi a jere. Kowace ta iso in dafa ta, in bari ta sauke numfashi, in soka, a huda kunne, ta wuce. Ba a ɗaga sanda ko ɗaya ba, ba wadda ta ko gurɗe, kuma da sauran ƙanƙara a akwati muka sallami ta ƙarshe. Ardo ya zo wucewa ta gefena ya yi ƙasa da murya ya ce, "Shi ma babban naku kura ta biyo shi."

Takardar bahasi ba a sake tayar da zancenta ba. Malam Lawal ma ya riƙa leƙowa gindin tsamiya jefi-jefi, har aka canza masa wurin aiki ba a miƙa masa garaya ba. Ni wata biyu na yi aka miƙa mini, kuma ba na gajiya da faɗa.

Abin da na koya shi ne, soka allura kowa zai iya cikin sati guda. Amma makiyayi ba takardarka yake dubawa ba, hannunka yake kallo, kuma ba zai ba ka dabbarsa ba sai ya ga yadda kake yi in ba ka neman komai a wurinsa. Ku nemi inda mutanen da kuke yi wa aiki suke zama su yi nishaɗi, ku zauna, ku karɓi abin da aka miƙa muku ko da shi ne mafi ƙanƙanta.

Kafin damina ta faɗi bushiya ta iso har ƙasarmu, ta yi ɓarna cikin wasu garkunan baƙi da ke wucewa kudu. Kasuwa uku Ardo bai zo ba, ni kuwa ko abinci ba na jin daɗinsa. Ta huɗu sai ga shi da sabuwar ƙwarya a hammata, irin wadda matansu ke yi wa zane don tatsar nono. Ita ce waccan da kuke gani rataye a ɗakina. Ya tsaya a bakin inuwa, don magana ce ta sana'a, ya miƙo mini ya ce, "Ba wadda ta hwaɗi, Isiyaku. Ko ɗaya."

Sannan ya shigo ya zauna ya kai sarewa baki. Na kifa ƙwaryar a gabana, na jira ya ja numfashi, na shiga.