Ni Na Shanye Magungunan Inna

Shekarun baya, tun yaƙi bai tashi ba, aka gano ciwon kansa, wato ciwon daji, a nonon mahaifiyata. Muka ɗauke ta daga Gadarif zuwa wani asibiti a Madani. Diktora ta ce akwai sabon magani da ake gwadawa, ba dole ba ne, kuma ba ta yi alkawarin waraka ba. Ni ina jin "sabo" na hau murna kamar an ba ni raksha, keken haya mai ƙafa uku, kyauta. Inna ta yi istihara, ta ce ta yarda.

Sharaɗi guda ne: kada ta haɗa da maganin gida, in ba haka ba a cire ta daga gwajin.

To kun dai san unguwarmu. Muna dawowa mata suka yi layi. Wannan da jiƙon bagaruwa, waccan da nonon raƙumi daga Showak, Hajja maƙwabciyarmu da wani baƙin ruwa mai warin tayar lori. Inna kuwa ba ta iya mayar wa baƙuwa kofi a cike, kunya. Na ga ta kai baki, na cafke. Na ce diktora ta hana ta sha a gaban mutane saboda ido. Ido kam kowa ya yarda da shi.

A ɗaki na nemi in zubar, Inna ta ce an yi tofi a ciki, ba a zubarwa. Na toshe hanci na shanye.

Haka na yi ta sha har lokacin yankan riɗi. Ranar da aka kawo sanamaki, ganyen nan mai wanke ciki, na ɗirka da safe na hau lori zuwa gonar riɗi a Doka. Wallahi na fi tsuguno a bayan bishiya da riƙe lauje. Abokina ya ce, "Ya zol, mutumina, kai aka ɗauka aiki ko cikinka?"

Da muka koma Madani aka yi hoto, diktora ta ce ƙullin ya motse sosai. Na fita a guje na rungume mai gadi, bawan Allah bai san ni ba.

Muka yanka rago sadaka. Mata suka zauna ana shan jabana, gahawarmu ta gida, kowacce na rantsuwa nata maganin ne ya yi aiki. Inna ta kalle ni ta gefen ido, ta ce, "Duk ya shiga inda ya dace."

Har yau in na ji warin bagaruwa sai in canza hanya. Amma Inna na nan daram, ɗazu ma ta gama zagina kan na ƙi yin aski.