Ranar da Ruwan Kwalbata Ya Washe

In dai ina da rai, ranar baje kolin kimiyya a lisenmu, wato makarantar sakandare ta Parakou, ba za ta fita daga zuciyata ba. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa kamarad ne, har mai gadi. Ni kuwa ɗalibi ne marar magana, wanda ko tambaya aka yi masa a aji sai gumi ya keto masa.

Malamin kimiyyarmu, da muke ce wa Mushe, ya yi karatu a ƙasar waje, inda ya ga tashoshin lantarki masu ƙona kwal. Shi ya gaya mana masana na neman hanyar kama iskar kabon daga hayaƙin kafin ta bi sama. Abin ya shiga raina. Kwal dai ba mu da shi, amma gawayi ko'ina akwai. Da hutu na tafi Djougou wajen kawuna maƙeri, ya ƙera mini mazurari na kifawa kan furno, wato murhun gawayi, na haɗa da tiyo da famfon keke. Ina tura hayaƙin cikin tataccen ruwan lasho, wannan farin garin na shafe bango, sai ruwan ya yi fari kamar nono. Alamar an kama iskar ke nan. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, mutane na korar hayaƙi, kai kana ɗura shi a kwalba!" Sati uku ina gwaji, ina rubuta komai, har abin da ya lalace.

Ranar baje kolin, wani babba daga ma'aikatar ilimi zai zaɓi ɗalibi ɗaya a ba shi gurbin karatun injiniya. Babana ɗan tebur ne a unguwar Guéma. In na rasa, karatuna ya tsaya nan. Mushe ya ce, "Kar ka daina buga famfon sai ya iso teburinka." Baƙon na shigowa aka miƙe ana taken juyi, sannan jawabi ya biyo, ya ƙi ƙarewa. Hannuna ɗaya a dunƙule sama, ɗayan yana kan famfo. Da ya iso kaina, ruwan ya washe tas.

"To kamarad, ina abin da ka kama?" in ji shi. Aka yi dariya. Mushe ya sunkuyar da kai.

Na buɗe littafina, don haka ta taɓa faruwa da ni a maƙera. Na ce, "Kamarad, iskar ce ta yi yawa, farin ya narke. Tana ciki. A ba ni minti biyar." Na juye ruwan a gwangwani, na ɗora kan furno. Yana ɗaukar zafi ya fara kumfa, farin ya dawo. Baƙon ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa. "Har kuskurenka kake rubutawa?" Na ce e. Ya juya wajen mushe: "Ba ni sunansa."

Daga baya na yi shekaru ina bincike kan hayaƙin kwal na gaske, gwaje-gwajena da yawa sun watse. Amma tun ranar na gane cewa gwajin da ya lalace ma ilimi ne, muddin mutum ya tsaya ya duba dalili kuma bai ji kunyar rubuta shi ba.