Tandar Amos

A Kona, in aka ce Magini ba a ƙara komai ba, Nehemiya ake nufi. Tun yana saurayi yake taka laka a bayan mahaifinsa, har ya gaji sana'ar, ya haɗa da taurin kan da ke tafe da ita. Shi ke jera azara, shi ke yaɓen rufi kafin damina ta faɗi, kuma Musulmi da Kirista duk shi suke kira. Mutum ne mai hannu, amma fa mai baki. In ya tsaya gaban katangar da wani ya gina, sai ya gano inda ta karkace, ko da a idonsa kawai karkatar take.

Duk ginin da ya yi a duniya babu wanda yake alfahari da shi kamar ɗakin mahaifiyarsa, Inna Dabora, wanda ya gina mata a tsakiyar gidansa bayan rasuwar ubansu. Soro ne mai kaurin bango, in ka shiga da tsakar bazara sai ka ji kamar ka tura kai cikin randa. Kowace shekara shi yake fara yaɓewa kafin ya taɓa na matarsa Damaris. Duk mai son gaida tsohuwa ta ƙofar Nehemiya zai shiga, kuma ranar Lahadi in an tashi sujada, matan majami'a can suke zubowa. Girmansa ke nan a gari: shi ne ɗan da ke riƙe da uwa.

Sai dai shi ɗan fari ne, ita kuwa Inna tsohuwar Bahaushiya ce, shiga addinin Almasihu bai kankare mata kunyar ɗan fari ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa gaban mutane. In ya kawo mata tsire daga kasuwa, sai ta kau da kai ta ce a ajiye can. Amma bari autanta Amos ya bugo waya daga arewa, inda ya daɗe yana aiki wajen masu haƙar zinariya, sai ka ji muryarta har bayan gida, Amos kaza, Amos kaza. Nehemiya ya san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana abin ci masa rai ba.

Ana nan sai Amos ya dawo gida da ɗan abin hannunsa. Ya sami fili a bakin gari, ya ɗauko magina daga Tasawa, suka tayar masa da gida na bulon siminti, wansa magini yana zaune ko shawara ba a nema wurinsa ba. Ɗakin da ya fi kyau ya keɓe wa Inna. Aka rufa shi da kwanon da ake kira tol, aka ɗora masa farantin wutar rana, aka ja waya zuwa batir, aka rataya fanka da ƙwan lantarki. Amos ya yi ta gaya wa mutane cewa wannan tattali ne: an huta da yaɓen shekara-shekara, an huta da sayen pil, wato batirin cocila, rana kuwa kyauta Allah ke ba da ita. Sannan ya durƙusa gaban Inna ya roƙe ta ta zo ta sa wa ɗakin albarka, ta ɗan kwana biyu. Ta ɗaura zanenta na zuwa sujada ta bi shi, tana murmushin da Nehemiya bai taɓa samu ba.

Daga ranar Nehemiya ya sami sabuwar sana'a. Kullum da hantsi yana teburin Mai Nasara mai shayi, yana fassara wa jama'a wautar ƙaninsa. Ya ce kwalliyar nan ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Tsohuwar da ke kwanciya tare da kaji, pil nawa take ƙonawa da har za a saya mata rana sukutum? Ya ce an rufa tol don a jawo zafi, sannan an sayo fanka don a kore shi, kamar mai kunna wa rumbunsa wuta don ya gwada sabon guga. Batir kuma, in ji shi, rai gare shi kamar akuya, ranar da ya mutu sai an sake kwance aljihu.

"Wanga ba ɗaki ba na," in ji shi, yana kaɗa kofin shayi. "Tanda ta. Ku bari bazara ta zo, ku gani in ba a toya waina bisa gadon Inna ba."

Aka fashe da dariya, sunan kuma ya kama. Kafin wata ya mutu, har masu tallan fura in suna kwatance sai su ce bayan tandar Amos. Shi Amos in ya wuto majalisa sai a yi shiru, ya san da shi ake.

Gaskiyar magana, rabin abin da Nehemiya ke faɗa daidai ne. Amma ba gaskiya ke tura shi ba, kishi ne tsagwaronsa. Ranar Lahadi yana gani matan majami'a su wuce ƙofarsa su nufi bakin gari, ya ji kamar an zare masa laka a jiki. Ya daina shiga gidan ƙanin nasa, sai dai ya tsaya daga waje ya ɗaga murya ya gaida uwarsa. In ya jiyo fankar tana juyawa, sai abincin ranar ya ƙi masa daɗi. Damaris ta gaya masa a fili cewa ciwonsa ba tol ba ne, ya ce mata ta kula da tukunyarta. Har Mai Nasara ya rantse ya gan shi a kasuwar Tasawa yana shafa wani farantin wutar rana yana taya shi, shi kuwa ya ce dubawa kawai yake ya ga inda ƙaryar take.

Bazara ta zo da ƙarfinta. Batir ya fara gajiya, fanka ta koma juyi kamar mai jin barci, da azahar kuma ta tsaya cik. Tol ya ɗauki rana ya juye ta cikin ɗaki. Inna ta koma wuni a gindin bishiyar bedi da jiƙaƙƙen zane a ka, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya. Da labari ya iso wa Nehemiya, abin kunya ne a faɗa, amma murna ya yi. Uwarsa na shan wuya, shi yana jin abin nema ya samu. Ya sa Damaris ta share soro ta yayyafa ruwa, ya aro amalanken jaki, ya bi ta teburin shayi ya sanar cewa zai je ya sauke waina daga tanda kafin ta ƙone. Mutane suka biyo shi a baya don su ba ido abincinsa.

Ya tarar da Inna a gindin bedi, Amos na tsaye gefe, kansa a sunkuye. Nehemiya ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ɗakinta na nan an share, ta tashi su tafi. Ta dubi amalanken, ta dubi mutanen da suka yi cirko-cirko a bakin hanya. Sannan ta yi abin da ba ta saba ba, ta yafito shi ya matso kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Kana zaton ban san ɗakin ga da zahi ba? Ni ka kwana ciki. Da ka kama bakinka, da tun hwarkon bazara na komo da ƙahwata, a ce tsohuwa ta yi marmarin ɗakinta, ba wanda za shi ji kunya. Amma ka bi gari ka maida ƙaninka abin dariya. Yau in na hau amalanken ga gaban mutanen ga, na sa hannu ke nan cewa ɗana wawa na. Ba ni yi mishi haka."

Nehemiya ya ɗaga kai ya dubi tol ɗin. Ya ce to zafin fa? Ta ce in da gaske zafin ne ya dame shi, ai shi magini ne, ya san abin da ake yi wa rufi.

Ya koma gida da amalanke wayam, ba wanda ya yi masa ba'a a hanya, abin da ya fi ba'ar ciwo. Washegari ya ɗauko zana da bunu da itatuwa, ya hau ɗakin da ya rantse ba zai taɓa ba. Ya kafa rumfa a kan tol ɗin, ya bar tsakani don iska ta riƙa ratsawa, ya kauce wa farantin don kada inuwa ta rufe shi. Amos na miƙo masa kaya daga ƙasa. Yana ɗaurin igiya yana sane da abin da yake yi wa kansa, ya kuma so ya yi aikin a gurguje, amma hannunsa bai iya aikin banza ba.

Ɗakin ya yi sanyi. Inna ta koma ciki ta shimfiɗa tabarmarta, kuma ba ta sake komawa gidan Nehemiya da zama ba.