Tuwon Dawar da Ya Sa Aka Kwashe Min Tukwane

Gwaggon mijina ta luma yatsa cikin malmalar tuwon, ta zaro gudaji ɗaya, ta murje shi a gaban kowa. Ɗanyen gari ya zubo kan tabarma.

"Amarya, tuwo ne wannan ko tsakuwa kika dafa mana?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ni kuwa ina durƙushe a tsakar gidan surukaina a Daura, ko lallen biki bai goge a hannuna ba.

Girkina na farko ke nan. A gidansu amarya ba ta ɗora tukunyarta sai ta tuƙa tuwo uwar miji ta ci. In ya yi, ki je ki yi girkinki a gidanki. In bai yi ba, daga babban gida za a riƙa aiko miki. Ba wanda ya ce min garin dawa za a ba ni. Ni a Kano na tashi, taliya na sani, da dafa-duka, da tuwon shinkafa. Ruwa na tafasa na juye garin gaba ɗaya. Wallahi ban san sai an fara yin talge ba.

Hajiya, uwar mijina, ba ta yi dariya ba. Kallona kawai take.

"Uwarki tana da rai?"

"Tana nan, Hajiya."

"To me take yi da ke duk shekarun nan?"

"Hoto suke ɗauka, Hajiya," in ji yayar mijina. "Ba ki ga kicin ɗin ba? Tukwane a jere kamar shago, amma mai su ko riƙon muciya ba ta iya ba."

Hajiya ta turo min kwanon da ƙafa.

"Ci. Ba a zubar da abinci a gidan nan. Daga Baure aka kawo dawar nan, wani ya sha rana a kanta."

Na ci, suna kallo. Garin yana maƙale min a maƙogwaro. Na nemi ruwa, Gwaggo ta ce in gama tukuna, kar ya kumbura min a ciki su shiga uku da mutanen Kano. Aka sake dariya.

Ana haka mijina ya shigo. Na ɗago ina dubansa. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, za ta koya." Ya ja kujera, ya ce a zubo masa na gidan, yunwa yake ji. Ya ci, har da neman ƙari.

Washegari yayar tasa ta zo gidana da mai kurkura. Suka loda gas ɗina da tukwanen da mamana ta saya min, aka kai ɗakin ajiyar Hajiya. Wai sai na iya.

Na ce to bari in riƙa zuwa da yamma ina ganin yadda ake tuƙawa. Hajiya ta ce gidanta ba makaranta ba ne. Bayan bikin salla na roƙi a bar ni in sake gwadawa, ta ce ba ta da dawar ɓatawa.

Yanzu ga goyo a bayana, har yau kwano ake aiko min. Wata rana da zafi, wata rana ya huce, wata rana a manta da ni sai la'asar. Baƙuwa in ta zo, ruwa nake ba ta.

Ku da kuka iya, ku faɗa min: wadda aka kwashe wa tukunya, a ina ake so ta koya?