Mas'udu Tela da Katin Zinariya

Mas'udu Tela mutumin Daudawa ne, a ƙasar Faskari. Na san shi lokacin da aka tura ni koyarwa firamaren garin, kafin a mayar da ni gida Ƙanƙara. Dogo ne siriri, yana jan ƙafar hagu tun wani zazzaɓi da ya yi yana ƙarami, don haka bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya. Amma duk Daudawa babu wanda ya kai shi sanin 'yan ƙwallo. Yana taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya, rediyo na rataye a ƙusa, yana gaya maka wanda aka saya da wanda ya ji rauni kamar 'yan unguwarsu ne. Tun yana yaro yake tara hotunan 'yan wasa da ke zuwa cikin cingam, yana zubawa a gwangwanin madara.

Shekarar da ya sayi babbar waya, sai ya kira ni shago in fassara masa wani bidiyo. Wani Ba'amurke ne zaune gaban tebur da kwalaye a rufe, yana yage fakiti yana fito da katuna na wani wasa da ake dukan ƙwallo da kulki. Wasan bai dami Mas'udu ba, tsarin ne ya ɗauke masa hankali. Na bayyana masa cewa mutane da yawa ne suka haɗa kuɗi suka sayi kwalin, kowa ya ɗauki ƙungiya ɗaya, duk katin da ya fito na ƙungiyarka naka ne. Na kuma gaya masa abin da mutumin ya ce, wai akwai katin da aka taɓa sayarwa kuɗin gida sukutum. Mas'udu ya kalli bidiyon nan ya fi sau goma.

Ƙanensa Almu direba ne, yana kai hatsi Kano. Shi ya samo irin kwalin a wani shagon kayan wasan yara, amma na 'yan ƙwallon ƙafa. Mu shida muka haɗu. Cikinmu har da Jabiru, manomi daga Damari ta ƙasar Sabuwa, aminin Mas'udu tun lokacin da yake kai ɗinkakkun riguna kasuwar Sabuwa. Jabiru gajere ne kakkaura, dariyarsa kan riga shi shiga wuri. Duk Juma'ar farkon wata zai hau babur ya biyo wannan mummunar hanyar, ya iso jajir da ƙura, da ƙullin gyaɗa ko rake a bayan babur.

Bayan an sauko daga masallaci Mas'udu zai share teburin yanka, ya rubuta sunayen ƙungiyoyi a 'yan takardu, ya zuba a hula, kowa ya sa hannu. Da na koma Ƙanƙara, sai ya riƙa jingine waya a jikin gwangwanin maɓallai ina kallo daga can. Shi kaɗai ke yage fakiti. Yakan fito da kati a hankali, ya rufe fuskar da babban yatsa, ya ce a faɗi ko wane ne daga riga da takalmi. Magidanta masu 'ya'ya, amma sai ka ji mu muna ihu har masu wucewa suna leƙowa.

Liman ya taɓa aikowa a tambaye shi ko wannan abu ba caca ba ne. Mas'udu ya je da kansa ya yi bayani, ya ce babu mai tashi hannu wofi, kuma wanda rabonsa ya yi kaɗan ana cika masa daga na sauran. Liman bai ce masa ya halatta ba, bai kuma sake aikowa ba.

A shekara ta biyu wani kati ya fito a rabon Mas'udu, launin zinariya, da sa hannun ɗan wasan, da lamba a gefe mai nuna guda hamsin kaɗai aka buga a duniya. Jabiru ya jefa hularsa har ta maƙale a rufin kwano. Mas'udu ya sa katin a leda, ya ɗinka masa 'yar jaka da ragowar shadda. Yakan ce ba zai sayar ba, amma duk mun san yana jin ya ajiye wani abu don wata rana.

Da daminar shekara ta uku, 'yan bindiga suka ɗauke Jabiru a gonarsa yana maimai, shi da wasu mutum huɗu. Mas'udu na guga aka kawo masa labari. Almu ya gaya mini cewa Mas'udu ya tsaya da dutsen gugar a hannu har rigar mutane ta ƙone bai sani ba.

Kuɗin fansar da 'yan bindigar suka nema ya fi ƙarfin gidan Jabiru. Dangin Jabiru suka sayar da shanun huɗa da masarar da ta rage a rumbu, bai kai ba. Mas'udu ya ce su kwantar da hankali, shi zai cika. Ya samu lambar wani matashi a Kano mai suna Adnan, wanda ke saye da sayar da irin waɗannan katuna ta waya. Sai dai motar Almu na gareji, Adnan kuma ya yi tafiya. Kwana goma sha biyu Mas'udu ya yi yana jira kafin su haɗu.

Adnan ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa. Ya duba katin da madubin ƙara girma, ya juya bayansa, ya ɗauko wani nasa ya jera su.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce. "Wannan ba na kamfani ba ne, kwaikwayo ne. Sa hannun ma buga shi aka yi. Duk irin kwalin da ka siffanta mini haka suke."

Mas'udu ya roƙe shi ya sake dubawa. Ya sake, don kunya. Daga tasha Mas'udu ya kira ni, ina jin hayaniyar 'yan kamasho a bayansa. Na tambaye shi yadda aka yi.

"Malam, takarda ce," ya ce. Ya kashe wayar.

Washegarin dawowarsa ya sayar da keken ɗinkinsa da injin saƙar wuya da ya yi shekara huɗu yana tari kafin ya saya. Matarsa Hamida ita ta goge keken da mai, ta tattara allurai da ƙoshiyoyin zare ta ƙulle a ƙyalle ta ba mai saye. Da wannan, da abin da muka iya haɗawa, aka cika.

An sako Jabiru bayan kwana saba'in da shida. Ƙafafunsa sun kumbura, yana tari, kakkauran mutumin nan ya koma kamar a ɗauke shi da hannu ɗaya. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Funtuwa. Kwana biyu da kwanciyarsa ya tambayi Mas'udu kwalin watan da aka ɗauke shi. Mas'udu ya ce yana nan, ba a taɓa ba. Jabiru ya ce a kawo.

Na zo daga Ƙanƙara. Mu huɗu muka samu zuwa. Bayan la'asar Mas'udu ya shimfiɗa ɗankwalin Lauratu, matar Jabiru, a gefen gado, ya zuba takardu a hula. Jabiru sai da aka riƙe masa hular kusa da ƙirji. Mas'udu ya fara yage fakiti yana rufe fuska da yatsa kamar kullum, muna faɗin sunaye ƙasa-ƙasa saboda sauran marasa lafiya. Wani tsoho a gadon gefe ya juyo yana kallonmu.

Ana tsakiyar kwalin Jabiru ya ɗaga hannu. Lauratu ta riga ta gaya masa zancen keken.

"Kai dai ba ka da wayau," ya ce da Mas'udu, muryarsa da ƙyar take fita. "Ka sai da abin da kake ci da shi. Mi ya hana ka sai da katin?"

Mas'udu ya dube ni. Ni kaɗai na san abin da ya faru a Kano. Na ɗauka zai ƙirƙiro wata magana, amma ya sunkuyar da kai ya faɗa masa gaskiya, daga zuwansa wurin Adnan har zamansa a tasha.

Can sai kafaɗun Jabiru suka fara girgiza. Dariya yake, har tari ya sarƙe shi, Lauratu ta tallafe shi ta ba shi ruwa.

"Wato shekara uku ina kashe mai daga Damari, takarda nike ma ihu?"

"Ita ce," in ji Mas'udu, hawaye na zuba a kan katunan da ke cinyarsa.

"To buɗe na gaba. Ban ga golana ba tukuna."

Muka ƙarasa kwalin. Kati ashirin da uku Jabiru ya samu, babu na kirki ko ɗaya. Ya sa aka jera masa su a kan bargo ya bi su da kallo, sannan ya ce ya gaji. Kwana huɗu bayan nan ya rasu, ranar Talata da hantsi. Mas'udu na cikin waɗanda suka yi masa wanka.

Ba mu sake haɗuwa buɗe kwali ba. Babu wanda ya ce a daina, kawai babu wanda ya sake tayar da zancen. Mas'udu ya kwashe iyalinsa ya koma cikin garin Faskari, inda yake ɗinki a shagon wani, ana raba abin da aka samu. Lauratu ta koma gidan iyayenta a Sabuwa da 'ya'yanta mata uku. Duk sallah Mas'udu na aika musu da ɗinki, yana kiran kakarsu a waya ta auna masa su da igiya, Almu ya karɓo igiyoyin.

Watan jiya na biya ta Faskari na same shi. Ya yi furfura a gemu. Muka gaisa, ya aika aka kawo mini fura, muka yi hirar taki da tsadar yadi. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin titi, sai ya tambaye ni abin da na lura ya daɗe yana cinsa. Ya ce da tun ranar farko keken ya sayar, bai tsaya jiran Kano kwana goma sha biyu ba, ina ganin da Jabiru ya tashi?

Na ce masa kwanan Jabiru ne ya ƙare, kuma likita ma ya ce ciwon ya daɗe da kama huhunsa. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, Allah ya ji ƙansa. Na ga dai bai yarda ba. Mota ta tsaya, ya buɗe mini ƙofa, ya ce in gai da mutanen gida, ya juya yana jan ƙafa ya koma shago.