Takun da Ba Naki Ba Ne, Sista

Daga Allah muke, kuma gare Shi makoma take. Da hantsin ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ran ma'aikaciyar jinyar asibitin jami'armu, wadda ɗalibai ba su san ta da wani suna ba sai Sista Taku. Kwana uku ke nan da na ajiye biro a jarrabawata ta ƙarshe. A bakin ɗakin karatu labarin ya same ni, kuma Allah Ya yafe mini, abin da na fara yi shi ne na zaro waya na duba lambar takunki.

Sista, bari in fara da laifina, tunda ke ba ki taɓa faɗa wa kowa shi ba. Ni mutum ce mai zargi. Mahaifiyata kan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofi. Ranar da kika shigo ajinmu kika ce kowa ya sauke manhajar asibiti, wadda za ta riƙa ƙirga takunsa, ta tuna masa shan ruwa da lokacin ajiye waya ya kwanta, sai na ce a raina akwai lauje cikin naɗi. Yaushe hukuma ta fara damuwa da ƙishirwar ɗalibi? Na yanke cewa ido ne aka sa mana a aljihu, ke kuma ke ce mai kai rahoto.

Ina da dalilin tsoro. A hutun da ya gabata mahaifina ya rasu. Na dawo shekarar ƙarshe da gangar jiki kawai, na hau gadona na sama na ja bargo, ƙawayen ɗakinmu suna sa mini hannu a takardar aji. Kowa ya san ƙa'ida: idan asibiti ya rubuta cewa ɗalibi ba ya cikin yanayin karatu, gida za a mayar da shi sai wata shekara. Mahaifiyata kuwa abin da ya rage mata na fara'a shi ne ranar da zan gama. Ban ga fuskar da zan kai mata wani rashin ba.

Don haka na yi dabara. Na sa wayar a cikin safa, na ɗaure ta a kan fankar tsaye mai juya kai. Ina kwance, fanka tana yi mini tafiya, taku dubu goma kullum. Har na hau saman jerin masu yawan taku na ajinmu a manhajar.

Sati biyu aka yi, sai ga ki da tsakar rana kina ƙwanƙwasa ƙofa. Kika shigo, kika kalli fanka tana kai safata gabas da yamma, kika kalle ni, kika ja kujera kika zauna.

"'Yata," kika ce, "ke kaɗai ce a jami'ar nan da ƙafarta ke aiki da wutar lantarki. Duk ranar da aka ɗauke wuta sai ki gurgunce."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai na ɗaga murya: "To ai ga shi kin gani, Sista. Ki rubuta takardar a kore ni, dama abin da ya kawo ki ke nan."

"Birona yana aljihu, a can zai zauna. Abu biyu nake so. Kowace Alhamis ki je ki ga likita. Sannan kullum ki wuce ni a taku, da ƙafarki, ba da fanka ba. Muddin kina haka, ba abin da zan rubuta."

Ban yarda da ke ba. Na ɗauka igiya kika sakar mini don in shaƙe kaina. Amma na sauko daga gado, domin tsoron takarda. Manhajar tana nuna mini takunki, dubu shida ne a rana, tsakanin asibiti da ɗakunan kwana da kantin abinci. Ranar farko da ƙyar na yi dubu biyu, kika aiko mini da saƙo: "Tsohuwa ta kayar da ke." Cikin wata guda na fara wuce ki. Na fara jin yunwa, na fara barci, na fara gane abin da malami yake faɗa.

Ba ni kaɗai kika kama ba. Akwai ɗan ƙwallon da abokansa ke tara wa wayoyi shida yana zagaye fili da su a jaka. Ba ki kai ƙararsu ba, sai kika kira su bakwai ɗin kika ce tunda hanyarsu ɗaya, gobe su fito su bi ta tare, kika kuma tsaya a bakin fili kina kallo. Wanda kika gani da gwangwanin lemon ƙarin kuzari da sassafe, sai ki karɓe ki miƙa masa gorar ruwa, ki ce zuciyarsa ba janareto ba ce. Kin sha cewa manhajar ba likita ba ce, tana nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa ne kawai. Duk da haka, duk lokacin da na ga kin shiga ofishin shugaban sashenmu sai in ce rahotona kika kai.

A watan Afrilu aka ce an tura ki kwas. Daga nan lambarki ta canza. Mai dubu shida ta koma dubu goma sha huɗu, wani lokaci sha biyar. Takun yana farawa tun bakwai na safe, babu hutu sai ƙarshen mako. Saƙo kuwa ba kya amsawa sai bayan la'asar. Na ce biri ya yi kama da mutum. Wane kwas ne ake yi a tsaye ana zagaye gari? Na ƙulla a raina cewa kin ɗaga lambar ne da gangan don in kasa, ki samu hujjar zaro biro ana saura kaɗan a fara jarrabawa. Na rubuta miki: "Sista, ke ma kin samu fanka ko?" Da yamma amsa ta zo: "Ki dai wuce ni."

Da fushi na yi tafiyar watanni biyun nan. Na kwafe karatuna a ƙananan takardu ina zagaye filin wasa ina haddacewa. Na daina shiga motar cikin makaranta. Wasu ranaku na wuce ki, wasu na kasa, ina jiran takardar da ba ta zo ba. Haka na rubuta jarrabawa bakwai, ban fashe ko ɗaya ba.

Ranar da muka je gaisuwa gidanki, na ga wayarki mai koren murfi da tsagewa a gefe tana leƙowa daga aljihun rigar maigidanki. Ashe aikinsa karanta mitar ruwa ne, gida-gida, unguwa-unguwa. Da na gaishe shi ya dube ni ya ce, "Ke ce mai fankar?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Babu wani kwas, 'yata. Tun Afrilu tana kwance a asibiti. Kullum da safe sai ta saka mini wayar a aljihu, da yamma in mayar mata ta amsa saƙonni. Ta ce kada lambar ta faɗi sai kin ajiye biro. Na ce mata tafiyata ta yi wa yarinya yawa, ta ce in bar ki, fushi ma yana tayar da mutum daga gado."

Sista, wannan ne yake cin raina. Na gane lambar ba taki ba ce, na gane tun makon farko. Ke da kika ga lambar ƙarya a wayata, sai kika taho ki ga ko lafiya nake. Ni da na ga taki, sai na zarge ki da mugunta. Taku wajen dubu goma sha huɗu nake yi kullum, asibitin da kike kwance kuwa bai kai dubu uku daga ɗakina ba, ban taɓa tambaya ba. Har yanzu ina jin haushin ɓoye mini da kika yi, ina kuma zargin kin san halina ne sarai, kika yi mini magani da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya ɗauki nauyin yarinyar da bai sani ba a aljihunsa, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki, da abokan aikinki na asibiti, da duk ɗalibin da kika taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Allah Ya jiƙan ki, Sista, Ya gafarta miki, Ya sa jinyar da kika ɓoye ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki naki. Ya rubuta miki ladan kowane taku da wani ya yi saboda ke. Ni kuma ki yafe mini. Yau kwana tara ke nan da lambarki ta faɗi, kullum ina wuce ki, kuma ban taɓa sanin cin gasa yana da ɗaci haka ba.