Ledar Zalika

Wata Talata ce cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu, Inna ta dawo daga likita goye da ƙanwata Zalika, hannunta riƙe da jaka. Lokacin muna zaune a Saga, Baba yana tuƙin taksi cikin Yamai. Inna ta zazzage jakar bisa tabarma, sai ga ƙananan ledoji masu ƙyalli. Ta yage bakin ɗaya, ƙamshin gyaɗa da madara ya cika ɗakin. Ta dube ni ta ce, "Rakiya, wannan magani ne. Na Zalika ne ita kaɗai, uku a yini."

Zalika ba ta kai shekara biyu ba, gashinta ya yi ja, hannuwanta kamar sillen kara. Ni duk ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne ni ke jan ruwa, ni ke wanke kwanoni, in an tashi daga lakwal, wato makaranta, ni ake turawa fadamar shinkafa korar tsuntsaye har muryata ta dishe, ladana kuma tuwon jiya da miyar kuka. Ita kuwa tana kishingiɗe ana matsa mata zaƙi a baki, in ta haɗiye a yi mata tafi. Har addu'a na yi Allah ya sa in rame. Na ƙi cin tuwo kwana biyu, ina auna damtsena da zare, yunwa ta ci ƙarfina na haƙura.

Sai na koma tsintar ledojin da aka yar. In na lashe cikinsu tas, sai in zauna bayan rumbu ina karanta Faransancin da ke jiki. Akwai jerin sunaye, kowane da lamba a gabansa da 'yar alamar nan mai ido biyu da malaminmu Mushe ya koya mana, wadda ya ce ana kira pursan. Ban taɓa gane darasin ba. Na dai lura babu lambar da ta kai ɗari, na ce a raina ashe ma babu wani abin kirki a ciki, in ɗaya ta ragu ba a rasa komai ba. Daga ranar, duk azahar da Inna ta bar mini ciyar da Zalika ta tafi sussuka, sai in lakata mata kaɗan a leɓe in shanye saura.

Bayan sati biyu aka koma awo, ni ke ɗauke da jaka. Ma'aikaciyar, wata Bazabarma mai Hausa a karkace, ta ɗora Zalika a sikeli ta girgiza kai. Inna ta rantse ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Matar ta juyo ta gan ni ina kallon bayan wata leda.

"Ke 'yar lakwal ce? Zo nan."

Ta ɗora yatsa kan jerin. Ta ce abin da jikin Zalika ke bukata daga safe zuwa dare, mu ɗauka ɗari ne. Wannan sunan mai ƙara jini ne, wancan na ƙashi, lambar da ke gaban kowane kuma ita ke faɗin kashi nawa cikin ɗarin nan leda guda ke kawowa. Shi ya sa sai an haɗa ukun ake cika shi. "To, in yarinya ta sha biyu kawai, ɗarinta ya cika?"

Na lissafa da yatsuna. Karo na farko ke nan da na ci lissafin pursan daidai, kuma sai na fashe da kuka. Inna ta gane abin da na yi, amma ba ta dake ni ba. Washegari da azahar kuma ta miƙo mini ledar kamar kullum ta fita. Na ba Zalika har ɗigon ƙarshe, yawuna na tsinkewa, ina jin haushinta yadda take lumshe ido.

Yau in na shiga butik a Yamai ba na sayen gwangwanin madara ko fakitin biskit sai na juya bayansa, 'ya'yana na ƙorafin ina ɓata musu lokaci. Inna ta rasu, gidaje sun cinye wajen da rumbunmu yake. Zalika ta fi ni tsawo, tana da shagon ɗinki a Tondibia. Bara na ba ta labarin nan ina sunkuyar da kai, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Yaya, wallahi ban tuna komai ba."

Har wannan mantuwar tata ina kishinta.